Tsagewar ƙashin ƙugu a matasan 'yan wasa: da ita ake haihuwa, kuma in ta warke tana dawowa?

Koci Bala:
Assalamu alaikum. Tambaya ce ga likitocin zauren nan. A ce yaro ɗan shekara 15, ɗan ƙwallo, yana kukan ciwon ƙugu ɓangare guda, musamman in ya gantsare ko ya buga doguwar ƙwallo. An yi hoto, an ce akwai tsagewa a ƙashin bayansa na ƙasa, kuma wai da ita aka haife shi. To in da ita aka haife shi, me ya sa sai yanzu take ciwo? Irin wannan tana haɗewa kuwa? In ta haɗe ya koma fili, mece ce makomarsa?

Dr. Garba:
Wa alaikumus salam, Koci. Mu fara da wurin kansa. Ƙasusuwan ƙugu biyar ne jere, muna ƙirga su daga sama, L1 zuwa L5. Na biyar ɗin yana zaune ne a kan faffaɗan ƙashin da ya haɗa baya da kwatangwalo. Kowane ɗaya yana da dunƙulallen jiki ta gaba da zobe ta baya, inda jijiyoyi ke wucewa. A kan zoben, hagu da dama, akwai gaɓa ta sama da gaɓa ta ƙasa, tsakaninsu kuma akwai wata siririyar gada ta ƙashi. Ita ce ke tsagewa. Mukan kira ta fas, ciwon kuma sifondilolisis. Kusan tara cikin goma a L5 ake samunsa, ragowar mafi yawa a L4.

In mutum ya gantsare, gaɓar L4 takan sauko ta danne gadar L5 daga sama, ƙashin ƙasa kuma ya tokare ta. In aka haɗa da murɗa jiki, nauyin sai ya taru a ɓangare guda. Kamar wayar ƙarfe ce da ake ta lanƙwasawa a wuri ɗaya, ba lanƙwasa ɗaya ke tsinka ta ba.

Batun haihuwa kuwa, ba a samun wannan tsagewa a jarirai. Fredrickson da abokan aikinsa a Amurka sun bi yara 500 tun daga ajin farko na firamare, suka fitar da sakamako a 1984: kashi 4.4 cikin 100 na da ita a shekara shida, adadin ya kai kashi 6 bayan sun girma. Kafin nan, a 1981, Rosenberg ya duba mutum 143 da ba su taɓa tafiya da ƙafa ba tun haihuwa, bai sami ko mutum ɗaya mai ita ba. Kenan sai an miƙe tsaye an ɗora wa bayan nauyi take zuwa. Abin da ake gada shi ne raunin wurin: gadar ta zo siririya, ko zoben ƙashin bai gama rufewa ta baya ba. Shi ya sa ake yawan ganinta a 'yan gida ɗaya, kuma ta yi yawa ƙwarai a cikin mutanen Inuwit na Alaska da arewacin Kanada.

Akwai nau'in da ake cewa na haihuwa da gaske, na farko a jerin da Wiltse ya tsara a 1976, inda gaɓoɓin L5 da saman ƙashin ƙasa suka zo da nakasa tun asali. Wannan bai da yawa, amma ya fi saurin gocewa gaba, kuma ba a yi masa sakaci.

Koci Bala:
Na gode Dokta. Kenan rahoton hoton ne bai yi daidai ba?

Usman Mai Hoto:
Ba lallai ba, Koci. Sau da yawa mai karanta hoton tsohuwar tsagewa yake gani, bakinta ya yi santsi ya yi fari, sai ya rubuta cewa ta daɗe ko tun yarinta ce. Kafin maganar ta iso wurin iyaye ta zama "da ita aka haife shi". Tambayar da ya kamata a yi ita ce: wane irin hoto aka yi?

Eksire na gaba da na gefe ba ya nuna sabuwar tsagewa. Sai ta buɗe sosai ake ganinta. Akwai wanda ake ɗauka a karkace, inda zoben ke fitowa da siffar ɗan kare, tsagewar kuma ta fito kamar sarƙa a wuyansa. Ɗalibai na son wannan hoton, amma ƙarin da yake kawowa kaɗan ne, hasken da yake zuba wa yaro kuma ya fi na sauran. Amfanin eksire na gefe, wanda aka ɗauka mutum yana tsaye, shi ne ya nuna ko ƙashin ya goce.

MRI shi ke kama abin tun da wuri, don yana nuna kumburin cikin ɓargo kafin layin tsagewa ya bayyana. Sai dai likita ya rubuta a takardar cewa fas yake zargi, a yi salon da ake kira STIR, mai fito da kumburi fili, a yanka hoton siriri. In ba haka ba za a yi masa irin wanda ake yi wa dattawa masu ciwon faifan baya (matashin guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya), yankan ya tsallake wurin, a ce lafiya lau. CT kuma, wato eksire na kwamfuta mai nuna ƙashi yanki-yanki, shi ke nuna layin da kamannin bakinsa. Tunda yaro ne, a taƙaita shi a kan ƙashin da ake zargi kawai, kada a yi ƙugu gaba ɗaya.

Dr. Sadiya:
Abin da Usman ya faɗa shi ne ginshiƙin amsar tambaya ta biyu. Haɗewa ta dogara ne da matakin da aka kama ta. Ƙungiyar Likita Sairyo a Tokushima ta Japan ta fi kowa bin wannan. A rahotonsu na 2012, yaran da suka bar wasa suka sa rigar roba mai tauri da ke ɗaure ƙugu: tsagewar da ke matakin farko, siririya kamar gashi, kashi 94 cikin 100 sun haɗe cikin kusan wata uku. Wadda ta fara buɗewa amma MRI na nuna kumburi, kashi 64, cikin wata biyar da ɗoriya. Wadda ta buɗe kuma kumburin ya tafi, kashi 27. Wadda ta kai matakin ƙarshe, baki ya yi tauri, babu ko ɗaya.

Dalilin a fili yake. Kumburin ɓargo alama ce cewa jini na zuwa, jiki na ƙoƙarin gyara. In aka ci gaba da motsa wurin, jiki sai ya haƙura, ya cike gibin da tabo mai yauƙi maimakon ƙashi, ya liƙe bakin kowane ɓangare. Daga nan ko shekara yaro ya yi a kwance ba za ta haɗe ba.

Sannan ɓangare ɗaya ya fi biyu sauƙi nesa ba kusa ba. Klein ya tattara bincike da yawa a 2009: mai ɓangare ɗaya kashi 71 sun haɗe, mai ɓangare biyu kashi 18 kacal. L4 kuma ya fi L5 saurin haɗewa.

Don haka, Koci, ku ne a bakin ƙofa, ba mu ba. Micheli da Wood a Boston, 1995, sun duba matasan 'yan wasa 100 masu ciwon baya, 47 daga cikinsu wannan ne ke damunsu, alhali a manya biyar ne kawai cikin 100. Yaron da ya kai sati biyu yana ciwon ƙugu in ya gantsare, ku ɗauka tsagewa ce har sai hoto ya wanke shi.

Sani Gola:
Dokta, na ga ana sa yaro ya tsaya da ƙafa ɗaya ya gantsare, in ya ji zafi a ce ita ce. Wannan bai isa ba? MRI fa akwai tsada.

Dr. Sadiya:
Bai isa ba, ƙanena. An gwada wannan gwajin da hoto, an ga yana kuskure ta kowane ɓangare: masu tsagewa da dama ba sa jin komai, marasa ita kuma suna jin zafi. In kuɗin MRI ya gagara, abin da ya fi aminci shi ne a yi eksire na gefe a tsaye, a kuma kula da yaron kamar an tabbatar, wato a tsayar da wasa. Kada a ce tunda eksire bai nuna ba ya koma fili.

Malam Nura Fisiyo:
Ina da ja a kan yadda ake ɗora komai a kan haɗewar ƙashi. Shi wannan rahoton na Klein da Dokta ta kawo, ku duba sauran lissafinsa. In aka haɗa duka, kusan kashi 28 ne kawai ƙashinsu ya haɗe a hoto, amma kashi 84 sun koma harkokinsu ba ciwo ko da ciwo kaɗan bayan shekara guda. Kuma waɗanda suka sa rigar da waɗanda ba su sa ba, bambancinsu bai taka kara ya karya ba. To me ya sa za a ɗaure yaro cikin roba wata uku zuwa shida? Tsarin Steiner da Micheli na 1985 awa 23 ne a rana, wata shida. A zafin Afrilu a Kano ko Maraɗi, wane yaro ne zai jure wannan? Ƙuraje za su feso masa, ya cire a ɓoye, iyaye sun yi asarar kuɗi, naman baya kuma ya yi sanyi. Selhorst a 2016 ya nuna waɗanda aka tura gashi da atisaye kafin sati goma sun riga sauran komawa wasa da kusan kwana 25, ba tare da ƙarin matsala ba.

Dr. Garba:
Malam Nura, alkalumanka daidai ne, amma ka haɗa yara iri biyu a kwando ɗaya. Yaron da tsagewarsa ta kai matakin ƙarshe, na yarda da kai ɗari bisa ɗari, babu abin da roba za ta yi masa. A kwantar da ciwon, a ƙarfafa jiki, ya koma wasa cikin sati shida zuwa wata uku. Amma mai sabuwar tsagewa a ɓangare ɗaya, wanda damar haɗewarsa ta haura tara cikin goma, wata uku ne kacal tsakaninsa da lafiyayyen ƙashi. In aka bar ta ta zama tsohuwa, zoben ya karye ta gefe guda, nauyin duka ya koma ɗaya ɓangaren. Sairyo ya nuna hakan, ɗaya gefen yakan yi kauri ko shi ma ya tsage. In duka biyun suka tafi, jikin ƙashin ya rabu da zobensa, hanyar gocewa ta buɗe, faifan da ke ƙasansa kuma ya fara ɗaukar wahalar da ba tasa ba. Rashin ciwo bayan shekara guda bai gaya mana halin da bayan zai shiga a shekara 40 ba.

Malam Nura Fisiyo:
Amma Dokta, yaran Fredrickson ɗin nan an bi su shekara 45, Beutler ya fitar da rahoton a 2003. Ciwon bayansu bai fi na sauran jama'a ba, masu ɓangare ɗaya ba su goce ba, masu gocewar ma tana raguwa ne da shekaru.

Dr. Garba:
Haka ne. Sai dai yaran makaranta ne da aka gano tasu ta hanyar bincike, ba 'yan wasan da ke atisaye kwana shida a sati ba. Ka san ba ɗaya ba ne.

Dr. Sadiya:
Ku bari in shiga tsakani, don Koci na jiran abin da zai yi aiki da shi. Wurin da kuka haɗu ya fi wurin da kuka rabu yawa. Dukanku kun yarda cewa barin wasa shi ne maganin, ba robar ba. Ni a ganina babban aikin rigar shi ne ta hana gantsarewa da murɗawa, ta kuma tuna wa yaro da kocinsa cewa ba shi da lafiya. Yaro mai jin magana, wanda ciwonsa ya lafa cikin sati biyu zuwa huɗu da hutu, zai iya tafiya ba riga. Wanda ciwon ya ƙi lafawa, ko tsagewar ta fara buɗewa ana neman ceto ta, ko an san da an juya baya zai tafi filin unguwa, a sa masa. In za a sa, mai tauri da aka auna a jikinsa, da singileti na auduga a ciki. Bel ɗin roba mai laushi da ake sayarwa a kemis ba ya hana murɗawa. Atisayen gashi kuma a fara shi da wuri, ko da riga ko babu.

Hajiya Rabi:
Likitoci, ku yi magana a kan masu ɗori. Da yawa can ake fara kai yaran, sai abu ya ƙi a zo asibiti.

Dr. Garba:
Hajiya, ɗori aikinsa jan ƙashin da ya goce a daidaita shi a ɗaure. Nan babu abin ja, tsagewar tana can ciki ƙarƙashin nama mai kauri, hannu ba ya kai mata. Danna baya da ƙarfi, taka shi da ƙafa, ko murɗa shi har ya yi ƙara, duk motsin da ya jawo ciwon ne ake maimaitawa. Babbar asarar ma ita ce lokaci: wata biyu ko ukun da ake yi ana zagaye su ne lokacin da ƙashin ke iya haɗewa.

Na fi jin tsoron ƙwaya. Yaro ya sha diklofenak ko tiramadol kafin wasa, ciwon ya ɓuya, ya buga minti 90 a kan tsagaggen ƙashi. Ciwon nan shi kaɗai ne ma'aunin da muke da shi a fili. In ana buƙatar magani a kwanakin farko, farasitamol ya wadatar. Su diklofenak da ibufurofen ba ma son a daɗe a kansu lokacin da ake neman ƙashi ya haɗe. Sigari da shisha ma suna rage jinin da ke zuwa wurin.

Kuma kada kowane ciwon baya ya zama wannan. A wurarenmu dole a tuna da tarin fuka na ƙashin baya, da kuma sikila. Ciwon da ke tayar da yaro cikin dare, zazzaɓi, rama, ƙusumbi da ya fara fitowa, ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, fitsari ko bayan gida ya ƙwace: wannan asibitin ƙashi kai tsaye, irin na Dala ko asibitin koyarwa mafi kusa, a ranar.

Sani Gola:
Irin ta Neymar ce kenan a gasar cin kofin duniya ta 2014?

Usman Mai Hoto:
A'a. Tasa karaya ce ta bugu ɗaya, gwiwar Zuniga na Kolombiya ta same shi a ƙashin ƙugu na uku. Lafiyayyen ƙashi ne ya gamu da ƙarfi a lokaci guda, irinta kan haɗe cikin makonni. Wadda muke magana a kai a hankali take taruwa.

Koci Bala:
To saura ta ukun, wadda ta fi damun masu horarwa. In ta haɗe, tana dawowa?

Dr. Sadiya:
Tana dawowa, kuma ba kaɗan ba. Sakai da abokansa, su ma daga Tokushima, sun ba da rahoto a 2017 cewa kusan kashi 26 na yaran da suka bi sun sake samun tsagewa. Wani rahoton daga Japan ɗin ya sami kusan kashi 13. Ka ce tsakanin ɗaya cikin takwas zuwa ɗaya cikin huɗu. Ba kullum a wuri ɗaya ba: wani lokaci tsohon wurin, wani lokaci ɗaya gefen, wani lokaci ƙashin da ke sama. Abin da ya ba da ƙwarin gwiwa a rahoton Sakai shi ne duk an kama su a matakin farko, mai yiwuwa domin yaran sun riga sun san ciwon, suna ji suka dawo.

Dalilan dawowar uku nake gani. Ciwo yakan tafi cikin sati uku zuwa shida, ƙashi kuma sai wata uku ko fiye, to a wannan tazarar ake komawa fili a ɓata aiki. Na biyu, ƙashin da ya huta wata uku ya rage ƙarfi, ko ya haɗe yana buƙatar ƙarin watanni ana ɗora masa nauyi kaɗan-kaɗan kafin ya koma yadda yake. Na uku, abin da ya jawo ta tun farko yana nan: raunin da aka gada, ƙugun da ya cika lanƙwasa, cinyoyi masu tauri, da yawan wasa.

'Yan kurket masu jifa da gudu su ne suka fi kowa shan wannan, yawanci a gefen da ke kishiyar hannun jifa. Pat Cummins na Ostireliya ya buga babban wasansa na farko a 2011 yana ɗan shekara 18, bai sake buga irinsa ba sai 2017, tsagewar baya na ta dawo masa. Daga baya ya zama kyaftin ɗin ƙasarsa. Jasprit Bumrah na Indiya ya samu a 2019, ciwon ya dawo a 2022, aka yi masa tiyata a Niyu Zilan a 2023, ya koma wasa a shekarar. Waɗannan mutane ne da ke da likitoci da na'urori a hannu, duk da haka ta dawo. Ƙashin ƙugu ba ya gama ƙosawa sai an haura shekara 20, shi ya sa matasa suka fi faɗawa.

Malam Nura Fisiyo:
Nan ne aikinmu yake, bari in zayyana yadda ake komawa.

Makonnin farko, babu gudu, tsalle, buga ƙwallo, ɗaga ƙarfe sama da kai, ko kokawa. Tafiya ba laifi. Yaro ya kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ya ɗaure naman cikinsa na ƙasa kamar za a naushe shi, yana numfashi, daƙiƙa 10 sau 10, safe da yamma. Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe numfashi, ko danna ƙugu ƙasa da ƙarfin tsiya. O'Sullivan a Ostireliya ya gwada irin wannan atisaye na naman ciki da ƙananan naman gefen ƙashin baya na sati 10 a 1997, ciwo ya ragu sosai kuma ya daɗe bai dawo ba.

In ya iya wannan ba ciwo, sai a ƙara motsin hannu da ƙafa alhali ƙugu na tsaye cak. A rigingine ya miƙe hannun dama da ƙafar hagu, ya dawo, ya canza. A rarrafe ma haka. Sai tokare jiki a gefe kan gwiwar hannu, daga daƙiƙa 15 har a kai 45. Ka sa tafin hannunka ƙarƙashin ƙugunsa: da ka ji ya ɗaga, ya gaji, a tsaya. Keken motsa jiki ya halatta. Ninƙaya kuma a guji salon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi, duka suna gantsarar da baya.

Cinyoyi su ne abin da aka fi mantawa. In naman gaban kwatangwalo ya yi tauri, ƙafa ba ta iya komawa baya lokacin da za a buga ƙwallo, sai ƙugu ya biya bashin da gantsarewa. Ya durƙusa kan gwiwa ɗaya, ya matse ɗuwawu, ya tura kwatangwalo gaba ba tare da ƙugu ya lanƙwashe ba, daƙiƙa 30 sau uku kowane gefe. Na bayan cinya kuma akwai wanda Sairyo ya gwada: ya tsuguna ya kama idon sawunsa, ƙirji manne da cinya, ya miƙe gwiwa iya iyawarsa ba tare da ƙirjin ya rabu da cinya ba, daƙiƙa biyar sau biyar, sau biyu a rana, sati huɗu. Haka nan saman baya, in ya ƙi juyawa ƙugu ne ke juyawa a madadinsa.

Komawa fili sai likita ya sallama, gantsarewa da tsalle da ƙafa ɗaya ba sa ciwo. Sassarfa a miƙe tukuna, sai gudu, sai gajeren fasin, sai juyi da birki, sai doguwar ƙwallo, sai tsallen sa kai da jifa daga gefe, sai atisaye da sauran yara, wasa na ƙarshe. Kowane mataki aƙalla sati guda. Ciwon da ya kwana har safiya, a koma matakin baya. Gola kuma faɗuwa gefe da dogon bugu su ne na ƙarshe a jerinsa.

Koci Bala:
Kenan ko an sallame shi akwai kusan wata biyu kafin wasa.

Malam Nura Fisiyo:
Ƙwarai. Sabuwar tsagewa ka lissafa wata huɗu zuwa shida gaba ɗaya. Bayan ya dawo ma ka ƙirga wasanninsa na gaskiya. Yaro ɗaya yana buga wa makaranta, yana buga wa unguwa, yana zuwa akadami, kowane koci yana zaton nasa ne kaɗai. A ba shi kwana ɗaya ko biyu a sati ba ƙwallo sam. A riƙa auna tsayinsa duk wata uku, in ka ga yana harbawa, galibi maza tsakanin 13 da 15, mata kafin haka, a rage dogayen bugu da tsalle, don ƙashi na riga nama tsawo, cinyoyi su ƙara tauri.

Hajiya Rabi:
Abinci fa? Ko babu ruwansa?

Dr. Sadiya:
Da ruwansa, Hajiya. Matashi na buƙatar kusan miligiram 1,300 na kalsiyam a rana, kofin madara ɗaya kuma kusan 300 ne. Binciken da Thacher ya yi a Jos, wanda ya fito a 1999, ya nuna laushin ƙashin da ke sa yaranmu gwame yawanci daga ƙarancin kalsiyam ne, ba rashin rana ba. Nono, kindirmo, zogale, kuka, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna taimakawa. Wanda tsagewa ta dawo masa a auna masa bitamin D. Sannan yawan abincin kansa: yaron da ke atisaye sau biyu a rana da cikin da bai cika ba, ƙashinsa ba ya samun abin gyara. 'Yar wasan da al'adarta ta ɗauke wata uku, wannan alama ce babba, a kai ta asibiti kafin a yi maganar komawa fili.

Sani Gola:
Wanda tasa ta riga ta tsufa, ɓangare biyu, shi kenan ya bar ƙwallo?

Dr. Garba:
A'a. Da yawa suna wasa a manyan ƙungiyoyi da ita, wasu ba su ma sani ba. Abin dubawa shi ne gocewa, muna auna ta da ma'aunin Meyerding: mataki na ɗaya har kashi 25 na faɗin ƙashin, na biyu har 50, haka har sama. Na ɗaya ba ciwo, ya yi wasansa. Na biyu a duba shi da kyau, musamman in wasan na yawan gantsarewa ne. Ya haura 50 a yaron da bai gama girma ba, maganar tiyata ce, a haɗe L5 da ƙashin ƙasa.

In babu gocewa sosai amma ciwo ya ƙi bayan wata shida zuwa shekara na kulawa ta gaskiya, ana iya gyara gadar kanta. Kafin nan mukan yi allurar kashe zafi daidai kan tsagewar, in ciwon ya ɗauke mun tabbatar daga nan yake, kuma MRI ya nuna faifan ƙasa lafiya. A kankare tabon, a ɗebo ɗanyen ƙashi daga kwatangwalo a cike, a matse da noti ta cikin gadar kamar yadda Buck ya fara a 1970, ko da waya, ko noti da sandar ƙarfe. Komawa wasa wata shida zuwa shekara.

Koci Bala:
Allah ya saka da alheri. Ta ƙarshe: shi mai ɓangare biyun da ke wasa ba ciwo, sai yaushe ake sake duba shi?

Dr. Garba:
Amin. Eksire na gefe a tsaye duk wata shida zuwa shekara har ya daina tsawo, don gocewa ta fi faruwa lokacin harbawar girma, mata kuma sun fi maza haɗarin ta yi nisa. Bayan ya gama girma ba a cika ganin ta ƙaru sosai ba, sai in ciwo ya taso. Tsakanin hotunan, in ka ga takunsa ya gajarce, yana tafiya gwiwa a ɗan lanƙwashe, ko ya kasa taɓa gwiwarsa in ya sunkuya, ko zafi na sauka ƙafa, kada a jira ranar da aka ba shi.

Usman Mai Hoto:
Kuma a riƙa zuwa da tsohon hoton, fim ɗin kansa ko faifan CD ɗinsa, ba takardar rahoto kaɗai ba. Gocewar milimita uku ba ta ganuwa sai an jera biyun an auna.